Faifan Da Paul McCartney Ya Yi Shi Kaɗai

Jama'a, a wannan fitowa ina so mu ɗan ajiye alli mu leƙa Ingila, mu ji labarin wani faifan garmaho wanda aka fitar ran 17 ga watan Afrilu, 1970. Mai faifan sunansa Paul McCartney, faifan kuma sunan mai shi aka sa masa, watau McCartney. Waƙoƙi 13 ne a cikinsa, in aka juya su duka kamar minti 35 ke nan. Ƙaramin abu ne a ido, amma ƙurar da ya tayar ta daɗe ba ta kwanta ba. Masu saye sun yi rububinsa, masu sharhi a jaridu kuwa suka yi masa kaca-kaca. Da shekaru suka shuɗe sai waɗansu masu sharhin suka komo suna yabon abin da na farko suka kushe, alhali kuwa ko ɗigo ba a ƙara wa faifan ba.

Kafin mu kai ga faifan sai mun san mutumin. Paul ɗaya ne daga cikin samari huɗu 'yan birnin Liverpool waɗanda suka haɗa ƙungiyar kiɗa mai suna Beatles. Sauran ukun su ne John Lennon da George Harrison da Ringo Starr. Irin kiɗan da su ke yi shi Turawa ke kira rok, watau kiɗan jita mai aiki da lantarki da ganguna, mai ƙarfi, na samari. Faifansu na farko ya fito cikin 1962, kafin a yi shekara biyu sunansu ya game duniya. Yawancin waƙoƙinsu John da Paul ne ke tsarawa, sun kuwa yi alkawari tun suna yara cewa kowace waƙa ɗayansu ya yi, sunayensu duka biyu za a rubuta a kanta.

To, zo mu zauna, zo mu saɓa. Cikin watan Agusta 1967 wakilinsu mai riƙe musu harkar kuɗi, Brian Epstein, ya rasu. Suka kafa kamfanin kansu mai suna Apple, kuɗi ya yi ta zurarewa ba mai lissafi. Da aka zo neman wanda zai gyara al'amari sai kai ya rabu. John da George da Ringo suka ce sai wani Ba'amurke, Allen Klein. Paul ya ce bai amince da shi ba, shi dai surukinsa ya ke so, Lee Eastman, lauya ne a New York, uban Linda wadda Paul ya aura cikin Maris 1969. Ko wa ya ji wannan ya san sauran ba za su yarda ba, don ba wanda zai so a ba surukin abokin tarayyarsa makullin rumbu. Ana cikin haka, ran 20 ga Satumba 1969, John ya gaya musu a wurin taro shi ya bar ƙungiya. Aka roƙe shi ya yi shiru saboda wata sabuwar yarjejeniyar ciniki da a ke ƙullawa, ya kuwa yi shiru. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Paul ya kwashi matarsa da 'ya'ya ya tafi wata gona tasa can a ƙuryar ƙasar Sikotlan, kusa da garin Campbeltown. Shi da bakinsa ya sha faɗa daga baya cewa a kwanakin nan zuciyarsa ta karye, ba ya tashi da wuri, ba ya aski, ya kama shan giya. Mutum ne ɗan shekara 27 wanda tun yana ɗan makaranta bai san wata sana'a ba sai wannan ƙungiya. Linda ce ta yi ta lallashinsa har ya yarda ya koma bakin aiki.

Da suka komo Landan cikin Disamba sai ya sa aka kai masa wata na'urar ɗaukar sauti ƙirar Studer gidansa. A nan ne ya kamata mu dakata, don in ba a gane yadda na'urar ke aiki ba, ba za a gane faifan ba. In an ce mawaƙi ya yi waƙa shi kaɗai, mu abin da zai zo mana a rai shi ne mutum ɗaya da ɗan kuntiginsa, ba ɗan amshi, ba makaɗi. Na Paul ba haka ba ne. Shi so ya yi a ji kamar ƙungiya ce cikakkiya, amma duk shi ne. Tef ɗin da ke cikin na'urar nan an raba tsawonsa layi huɗu, kamar kunya huɗu a gona, ana iya shuka a kowace kunya ba tare da an taɓa maƙwabciyarta ba. Sai ya zauna ya kaɗa ganguna, su shiga layi na ɗaya. Ya mai da tef baya, ya sa abin saurare a kunne, yana jin gangunan nan yana kaɗa jita mai kaurin murya, ta shiga layi na biyu. Ya sake mayarwa ya sa ƙaramar jita ko fiyano a na uku, sa'an nan murya a na huɗu. Da an juya su gaba ɗaya sai ka ji mutum huɗu. Shi ne mai waƙa, shi ne makaɗi, shi ne ɗan amshin kansa, sai dai ɗan taimakon murya da Linda ta yi nan da can.

A ɗakunan ɗaukar faifai na sosai akwai wani babban tebur mai maɓallai da yawa wanda a ke daidaita ƙarfin kowane sauti da shi, akwai ma'auni mai allura da ke nuna in sauti ya yi yawa, akwai kuma injiniya zaune yana lura. Paul ba shi da ko ɗaya a gida. Makirufo ya ke cusawa kai tsaye a bayan na'ura, ya kaɗa, ya saurara. In ya yi ƙara da yawa ya matsar da makirufo baya, ya sake. Waƙar farko ta faifan, The Lovely Linda, ba ta kai minti ɗaya ba, gwajin na'ura ce kawai. Ana jin ƙarar ƙofa a cikinta, a ƙarshe kuma ga dariya, ya bar su duka bai goge ba.

Ba duk aikin aka yi a gida ba. Cikin Fabrairu 1970 ya kai tef ɗinsa ɗakin ɗauka na Morgan, daga nan ya wuce na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road, yana kama wuri da sunan aro, wai Billy Martin, don kada a sani. A Abbey Road ne ya ɗauki Maybe I'm Amazed, waƙar godiya ga matarsa, wadda har maƙiyan faifan ba su sami abin cewa a kanta ba. Sauran kuwa tarkace ne iri-iri. Biyar daga cikin 13 kiɗa ne zalla, ko kusan haka. Junk da Teddy Boy tsofaffi ne, tun zaman da Beatles suka yi a Indiya cikin 1968 ya tsara su. Ta ƙarshe, Kreen-Akrore, ganguna ce da haki, ya yi ta ne bayan ya kalli wani shiri a talabijin a kan wata ƙabila ta dajin Barazil. A bayan kwalin faifan ga hotonsa da gemu buzu-buzu, ya cusa jaririyar 'yarsa cikin rigar sanyi, Linda ce ta ɗauka.

Saura fitarwa, nan ma aka yi rigima. Kamfanin Apple na da faifan Ringo da zai fito ƙarshen Maris, ga kuma faifan Beatles na ƙarshe, Let It Be, yana tafe. John da George suka rubuta wa Paul takarda cewa an ɗage nasa sai watan Yuni, don kada kaya su yi wa kasuwa yawa. Ringo, wanda kowa ya san ba shi da abokin faɗa, ya ce bari shi ya kai da hannunsa. Paul ya karanta, ya fusata, ya kore shi daga gidan. Duk da haka Ringo ne ya koma ya ce da sauran a ƙyale shi. Aka bar masa 17 ga Afrilu, aka tura Let It Be zuwa 8 ga Mayu.

Sa'an nan Paul ya yi abin da ya jawo masa duk abin da ya biyo baya. Ba ya son ya zauna gaban 'yan jarida, don haka aka shirya takardar tambaya da amsa a ofishin Apple, aka cusa cikin faya-fayan da a ke aika wa jaridu kafin ranar fitarwa. A ciki an tambaye shi ko yana shirin sabon faifai da Beatles, ya ce a'a. An tambaye shi ko yana ganin zai sake tsara waƙa tare da John, ya ce a'a. Game da ko rabuwar ta ɗan lokaci ce ko ta har abada, ya ce bai sani ba. Ko'ina bai ce ƙungiya ta mutu ba. Amma ran 10 ga Afrilu jaridar Daily Mirror ta buga da manyan baƙaƙe a shafin farko cewa Paul ya bar Beatles, kafin la'asar labari ya zaga duniya. John ya ji haushi ƙwarai, gama shi ne ya fara fita, ya haɗiye maganarsa wata bakwai, ga wani ya zo ya yi tallar faifansa da ita. Jama'a kuwa ba su san da maganar Satumba ba. Abin da suka gani shi ne Paul ya fasa tukunyar da kowa ke sha.

Mako guda bayan wannan faifan ya fito. A zamanin nan masu sharhin faifai suna da ƙarfi ainun. A Ingila akwai jaridun kiɗa na mako-mako irin su Melody Maker, a Amurka akwai mujallar Rolling Stone wadda aka kafa cikin 1967. Saurayi mai 'yan kuɗin faifai ɗaya tak sai ya karanta abin da suka ce kafin ya shiga kanti. A Melody Maker, Richard Williams ya rubuta cewa faifan ya nuna irin bashin da Paul ke ɗauke da shi na George Martin, watau gwanin da ke tsara wa Beatles ɗaukar faya-fayansu, ya ce in ban da Maybe I'm Amazed sauran duk lami ne. A Rolling Stone, Langdon Winner ya ce yawancin waƙoƙin ba su kama ƙafar waɗanda Paul ya yi a da ba. 'Yan'uwansa ma ba su rufa masa asiri ba. George ya ce biyu kaɗai suka burge shi. John kuwa, cikin wata doguwar hira da ya yi da Rolling Stone a Disamba 1970, cewa ya yi shara ce.

Akwai wani labari a kan sharhin nan na Winner wanda ya fi sharhin kansa amfani. Greil Marcus, wanda ke kula da shafin sharhi na mujallar a lokacin, ya faɗa daga baya cewa rubutun da Winner ya fara kawowa na yabo ne. Mai mujallar, Jann Wenner, wanda ya ke mutumin John ne ƙwarai, ya ce ba za a duba faifan kamar wani ɗan faifai mai daɗi kawai ba, sai an haɗa da takardar nan da ta watsa Beatles. Marcus ya je ya zauna da Winner har ya sake rubutu. Kunnen da ya ji faifan bai sake ba, abin da aka ɗora a kan sikeli ne ya sake. Duk wanda ya taɓa gyaran takardun jarrabawa ya san dalilin da ya sa a ke son lamba a kan takarda maimakon suna.

Amma kada mu yi wa masu sharhin nan rashin adalcin da mu ke zarginsu da shi. Ni a nawa jin, rabin abin da suka faɗa gaskiya ne. Wata bakwai kafin wannan, Beatles sun fitar da faifan Abbey Road, aiki ne gogagge wanda ba ka jin ko gurbin allura a cikinsa. Mutumin da ya fi kowa hannu a wannan gyara shi ne ya zo yana sayar wa mutane gwajin na'ura da kuɗin cikakken faifai. Waɗansu waƙoƙin baiti ɗaya ne a ke ta maimaitawa, da ka fara jin daɗi sai su yanke. Wanda ya ce ba a gama ɗinkin rigar ba bai yi ƙarya ba. Inda suka kauce shi ne da suka ɗauki rashin gamawar nan alamar girman kai da rashin abin faɗa. A shekarun nan ana yaƙi a Biyetnam, samari na zanga-zanga, masu sharhi na son mawaƙi ya yi maganar duniya ko ya tone ciwon zuciyarsa a fili. Waƙar gida da mata da jariri ba ta da daraja a wurinsu. Ba su lura ba cewa mutumin da ya rufe ƙofa ya kaɗa kome da kansa, don ba sauran wanda ya amince da shi, ya riga ya faɗi ciwonsa. A Every Night ma ya faɗe shi ƙarara, mutum ne wanda ba ya son tashi daga gado. Ƙarshen shekarar George ya fitar da All Things Must Pass, John ya fitar da Plastic Ono Band, aka yi ta yabonsu, aka riƙa auna na Paul da su.

Masu saye dai ba su bi ta kan jarida ba. A Amurka cikin kamar wata guda an sayar da fiye da miliyan ɗaya, ya yi mako 3 yana kan gaba a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa. A Ingila ya tsaya na 2, bayan Bridge over Troubled Water na Simon da Garfunkel.

Abin bai tsaya nan ba. Ran 31 ga Disamba 1970 Paul ya kai sauran ukun ƙara babban kotun Landan don a raba tarayya, gama ba shi da wata hanyar kuɓuta daga hannun Klein. Cikin Maris 1971 alƙali ya ba shi gaskiya, baƙin jininsa kuwa ya ƙaru. Da faifansa na biyu, Ram, ya fito cikin Mayu, wanda shi kam an yi shi da makaɗa na sosai a Amurka, an kuma goge shi tas, sai sukan ya fi na da. Jon Landau ya rubuta a Rolling Stone cewa lalacewar kiɗan rok na shekarun 1960 ba ta taɓa kai wa ƙasa kamar nan ba. Na farko an ce bai gyaru ba, na biyu da ya gyaru an ce ba kome a ciki. Cikin 1973 John da George da Ringo su ma suka rabu da Klein, har John ya yarda a bainar jama'a cewa mai yiwuwa zargin Paul na da tushe.

Abin mamaki, a ƙasarmu aka wanke shi. Cikin Agusta 1973 ya shirya zuwa Ikko da sabuwar ƙungiyarsa, Wings, don su ɗauki faifai a ɗakin EMI da ke Apapa. Ana gab da tashi makaɗa biyu suka janye, har da mai ganguna. Ya iso daga shi sai Linda sai Denny Laine, tilas ya koma tsohuwar dabararsa ta zama makaɗi uku ko huɗu shi ɗaya. Zaman bai yi sauƙi ba. 'Yan fashi suka tare shi da wuƙa da dare suka ƙwace jakar da ke da tef ɗin waƙoƙinsa. Fela Kuti ya zarge shi da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kira shi ya juya masa abin da ya ɗauka, ya ji ba haka ba ne. Faifan da ya fito daga wannan wahala, Band on the Run, shi ne wanda Landau ɗin nan ya ce da ƙyar in wani daga cikin huɗun ya yi wanda ya fi shi tun rabuwarsu, in ba na John ba.

Na 1970 kuwa sai a hankali aka komo kansa, kuma ba jarida ce ta fara ba, makaɗa ne. Cikin 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da ƙaramar na'ura mai layi huɗu wadda ke aiki da kaset, mai arha. Abin da a da sai mai kuɗi irin Paul ke iya yi a gida ya zama kowane saurayi na iya yi a ɗakin kwanansa. Da irin wannan na'ura Bruce Springsteen ya ɗauki faifansa Nebraska cikin 1982, masu sharhi suka yabe shi saboda rashin kwalliyarsa. Kunnuwa suka saba da ƙarar ƙofa da tari a cikin faifai, har aka fara jin su kamar alamar gaskiya. Waɗanda aka haifa bayan 1970 kuma ba su da haushin kowa, ba su yi kuka ran 10 ga Afrilu ba, faifai kawai suka ji. Cikin 1999, sa'ad da a ke shigar da Paul zauren girmama gwanayen rok na Amurka, Neil Young ne ya gabatar da shi, ya ce yana ƙaunar faifan nan ne saboda sauƙinsa. Rolling Stone da kanta ta sa Maybe I'm Amazed cikin manyan waƙoƙi 500 da ta zaɓa a 2004, ta kuma sa Ram cikin manyan faya-fayai 500 a 2020. Da aka sake fitar da Ram cikin 2012, mujallar Pitchfork ta intanet ta ba shi maki 9.2 cikin 10.

Ina ganin yabon nan na baya shi ma wani lokaci ya kan wuce gona da iri, don har yanzu Kreen-Akrore ba ta zama waƙa ba. Shi dai mai faifan bai bar dabarar ba. Ya sake ta cikin 1980 da McCartney II, aka sake kushewa, daga baya masu kiɗan na'ura suka ɗauke shi abin koyi. Cikin 2020, lokacin kullen annobar korona, yana da shekara 78, ya shiga ɗakin ɗauka na gonarsa a Sussex ya kaɗa kusan kome da kansa karo na uku. McCartney III ya fito ran 18 ga Disamba, yawancin jaridu suka yabe shi, ya kuma hau kan gaba a Ingila, abin da sabon faifansa bai yi ba tun 1989.